Gundumar Marin da kamfanin PG&E: yadda ƙananan hukumomi suka karɓe sarin wutar lantarki a Kalifoniya

Mazaunin garin San Rafael, hedikwatar gundumar Marin da ke arewa da gadar Golden Gate a jihar Kalifoniya ta Amurka, takardar kuɗin wuta guda ɗaya yake karɓa kowane wata, kuma tambarin kamfanin PG&E ne a samanta. Mitar gidansa ta kamfanin ce, turakun bakin titi da wayoyin da ke kansu na kamfanin ne, idan kuma iska ta kayar da bishiya a kan layi cikin dare, ma'aikatan kamfanin ne za su fito gyara. Sai dai idan ya buɗa shafukan ciki zai tarar an kasa kuɗin: wani kaso na PG&E ne, ladan kawo wutar har gida, wani kason kuma na wata hukuma ce ta ƙananan hukumomin yankin mai suna Marin Clean Energy (MCE), wadda ita ce ta saro wutar a madadinsa. Ban da waɗannan akwai wani ɗan caji da mafi yawan mutane ba sa lura da shi, wanda ake ɗora wa duk wanda ya daina sayen wuta a hannun kamfanin. A kan wannan caji na uku aka fi daɗewa ana jayayya, kuma wanda ya fahimce shi ya fahimci abin da wannan tsari ya yi wa tsohon kamfanin da abin da ya kasa yi masa.

PG&E ba ƙaramin kamfani ba ne. An kafa shi a 1905, mallakar masu hannun jari ne, kuma yana kai wuta da iskar gas ga mutum kusan miliyan 16 a arewaci da tsakiyar Kalifoniya. Ba shi da abokin gasa a kan wayoyi a yankinsa, shi ya sa hukumar jiha mai sa ido kan irin waɗannan kamfanoni, wadda ake taƙaita sunanta da CPUC, take yanke masa farashi da iyakar ribar da zai ci. Ita kuwa gundumar Marin mutanenta ba su wuce 260,000 da 'yan kai ba, masu hali ne a ma'aunin Amurka ma, kuma sun daɗe da yin suna wajen damuwa da muhalli.

Asalin dokar da ta ba su dama yana cikin rikicin wutar 2000 da 2001. A 1996 majalisar jihar ta sassauta kasuwar lantarki, aka matsa wa manyan kamfanoni suka sayar da yawancin tashoshinsu masu aiki da gas, suka koma sayen wuta kullum a kasuwar sari, alhali an daskarar da farashin da suke sayar wa jama'a. Da farashin sari ya yi tashin gwauron zabi, da hannun dillalai irin su Enron waɗanda daga baya aka tabbatar sun yi wa kasuwar maguɗi, sai aka shiga ɗauke wuta bi da bi a watan Janairun 2001, PG&E ya nemi kariyar kotu a watan Afrilu saboda bashi ya yi masa katutu, gwamnatin jiha kuma ta shiga sayen wuta da kanta ta hanyar dogayen kwangiloli masu tsada. A watan Satumbar wannan shekarar aka dakatar da 'yancin da aka bai wa kowa na zaɓen mai sayar masa da wuta. Shekara ɗaya bayan haka, a 2002, majalisa ta zartar da doka mai lamba AB 117 wadda 'yar majalisa Carole Migden ta gabatar, Gwamna Gray Davis ya sa mata hannu. Ba Kalifoniya ce ta fara ba, domin jihar Massachusetts ta yi irin wannan doka a 1997, Ohio kuma a 1999.

Abin da dokar ta tanada mai sauƙin faɗi ne. Gari ko gunduma, ko wasu daga cikinsu a haɗe, suna iya tattara buƙatar wutar mazaunansu wuri ɗaya su saro ta da kansu, tsohon kamfani kuma ya ci gaba da dako da karanta mita da karɓar kuɗi. Jigon dokar shi ne cewa da zarar majalisar gari ta amince, kowane mai mita ya shiga shirin kai tsaye, sai wanda ya ce ba ya so. Ana aika masa sanarwa sau huɗu, biyu kafin a fara, biyu bayan an fara, domin ya fita idan ya ga dama. Wannan sharaɗi shi ne ran shirin, domin mutane ƙalilan ne ke zama su cike takarda don sauya mai sayar musu da wuta, saboda haka duk ɓangaren da doka ta ajiye su a can akasarinsu za su zauna. Dokar ta kuma wajabta abu biyu da suka zama tushen rigima daga baya: cewa kamfani ya ba da cikakken haɗin kai, da cewa ficewar wasu ba za ta jawo wa waɗanda suka rage ƙarin nauyi ba.

Shekara takwas dokar ta yi babu wanda ya ci moriyarta. Wasu garuruwa da gundumomi na kwarin San Joaquin, a kewayen Fresno, su suka fara yunƙuri, har tsarinsu ya samu amincewar hukuma, amma suka jingine shi a 2009, suna masu kafa hujja da ƙuncin kasuwar bashi da kuma adawar PG&E. A watan Disambar 2008 ne gundumar Marin da wasu garuruwanta suka kafa hukumar haɗin gwiwa, ɗan majalisar gunduma Charles McGlashan ya zama shugabanta na farko, Dawn Weisz kuma, wadda ma'aikaciyar sashen tsare-tsaren gundumar ce, ta riƙe ragamar gudanarwa. Burinsu tun farko bai tsaya ga rahusa ba. Abin da suka sa a gaba shi ne rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, bayan sun auna sun ga babu matakin da ƙaramar hukuma za ta ɗauka da zai kai sauya tushen wutar da mutanenta ke sha tasiri. Ba kowa ne ya yarda ba ko a cikin gida. Kwamitin 'yan ƙasa mai binciken ayyukan hukumomin gundumar ya fitar da rahoto a ƙarshen 2009 yana ba da shawarar a yi watsi da shirin saboda haɗarin asara, garuruwa huɗu ciki har da Novato suka tsaya gefe, sabuwar hukumar kuma, da yake ba ta da kadara ko tarihin biyan bashi, sai da aka tsaya mata kafin ta samu rancen fara aiki.

A watannin farko na 2010 kamfanin ya fito da ƙarfinsa. Wasiƙu da tallace-tallacen jarida da kiran waya suka yi ta isa gidajen Marin ana jan kunnen mutane cewa 'yan siyasar da ba su san kan kasuwar wuta ba za su jefa su cikin bashi, ana kuma nuna musu yadda za su fice, har sai da CPUC ta umarci kamfanin ya daina wasu daga cikin waɗannan hanyoyi saboda sun saɓa wa ƙa'idar ficewa. Duk da haka Marin Clean Energy ya fara aiki ranar 7 ga Mayun 2010 da 'yan dubban mitoci. Ya ba da zaɓi biyu: Light Green, wanda kowa ke faɗawa cikinsa, mai aƙalla kashi 25 cikin ɗari na makamashi mai sabuntuwa a lokacin da na PG&E bai kai kashi 20 ba, da Deep Green mai kashi ɗari bisa ɗari, da ƙarin senti ɗaya a kan kowane yunit.

Wata ɗaya bayan haka aka yi babban karon. PG&E ya ɗauki nauyin wani ƙuduri, Ƙuduri na 16, da aka kai gaban masu zaɓen jihar baki ɗaya ranar 8 ga Yuni, wanda da ya wuce da an gyara kundin tsarin mulkin Kalifoniya ta yadda babu ƙaramar hukumar da za ta shiga harkar wuta sai kashi biyu cikin uku na masu zaɓenta sun amince. Kamfanin ya kashe kusan dala miliyan 46 a kan kamfe, yana tallata shi da sunan 'yancin mai biyan haraji na a tambaye shi, abokan hamayyarsa kuwa abin da suka tara bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na wannan ba. Ƙudurin ya faɗi, sama da kashi 52 suka ce ba su yarda ba, kuma ya fi shan kaye a gundumomin da PG&E ke kai wa wuta, inda aka san shi, ya fi samun karɓuwa a kudancin jihar inda ba shi da abokan ciniki. A ganina wannan ne babban kuskuren kamfanin a duk tsawon lamarin, kuma ba don ya faɗi kaɗai ba. Neman a kafa sharaɗin kashi biyu cikin uku ta hanyar ƙuri'ar da rinjaye kaɗan ya ishe ta, domin toshe ƙofar da majalisa ta buɗe kuma ta umarce shi ya ba da haɗin kai a kanta, abu ne da ya zubar masa da mutunci a idon 'yan majalisar da yake buƙata gobe. Watanni uku bayan zaɓen bututun gas ɗinsa ya fashe a garin San Bruno da ke kusa da San Faransisko ya kashe mutum 8, mutane suka fara tambayar dalilin da ya sa aka samu miliyoyin kamfe alhali bututu yana neman gyara. A 2011 Sanata Mark Leno ya kawo doka mai lamba SB 790, wadda ta sa aka kafa ƙa'idar da ta hana kamfani amfani da kuɗin masu biyan wuta wajen yaƙar irin waɗannan shirye-shirye. Garuruwan Marin huɗu da suka tsaya gefe su ma a shekarar suka shigo. Wani yunƙuri da aka yi a majalisa a 2014 na juya sharaɗin shiga, ta yadda sai wanda ya nema za a saka, bai kai labari ba.

Akwai tambayar da ya kamata a tsaya a kanta, domin amsarta ba ita ce wadda hankali ke fara kawowa ba: me PG&E ya rasa? A tsarin Kalifoniya kamfani irin wannan ba ya cin riba a kan wutar da ya saro daga wasu ya sayar. Abin da ya biya shi yake ɗora wa jama'a, ba ƙari. Ribarsa tana fitowa ne daga jarin da ya zuba a kadarori, wato wayoyi da turaku da taransifomomi da tashoshin da ya mallaka, inda hukuma ke ba shi damar cin kusan kashi 10 cikin ɗari a kan kason masu hannun jari. Tun farkon shekarun 1980 kuma jihar ta raba kuɗin shigar kamfanonin da yawan yunit ɗin da suka sayar, don kada su riƙa ƙin tsimin wuta. Ke nan wanda ya koma MCE bai ɗauke wa PG&E ribar sisi a kan wayoyi ba, domin ta cikinsu wutarsa ke bi har yau. Abin da kamfanin ya ji tsoro, a fahimtata, abu uku ne da suke haɗe: rasa damar gina sababbin tashoshi nasa da zai ci riba a kansu, rasa matsayinsa na mai faɗa a ji a kan makomar makamashin jihar, da kuma yiwuwar garin da ya iya sarin wuta yau ya nemi ƙwace wayoyin gobe. Wannan tsoro na ƙarshe ba na banza ba ne, domin a 2019 birnin San Faransisko ya taya wayoyin kamfanin da ke cikinsa dala biliyan 2.5, kamfanin ya ce albarka.

A nan ne maganar caji na uku ta shigo. Tun 2002 doka ta tilasta wa manyan kamfanoni su ƙara yawan makamashi mai sabuntuwa, kashi 20 da farko, daga baya kashi 33 kafin 2020. Domin cika wannan umarni PG&E ya sa hannu a kan kwangiloli na shekara 20 zuwa 25 da masu gina manyan gonakin sola, irin Topaz mai megawat 550 a gundumar San Luis Obispo, a lokacin da wutar sola take da tsada ƙwarai. Waɗannan kwangiloli suna cikin abin da ya raya masana'antar har farashinta ya karye, kuma da ya karye sai sababbin masu saye, ciki har da MCE, suka sami wuta iri ɗaya a kan kaso kaɗan na tsohon farashi. A ƙaddara, domin misali kawai, kamfani ya ɗaure kansa zai sayi yunit a senti 15 har shekara 25 saboda mutum ɗari, sai hamsin daga cikinsu suka tafi lokacin da yunit ya koma senti 4 a kasuwa. Kamfanin ba zai fasa kwangilar ba. Sai dai ya sayar da rarar a kasuwa da asarar senti 11, kuma wannan asara dole wani ya biya ta. Idan aka bar ta a kan hamsin ɗin da suka rage, an zalunce su, tun da da sunan kowa aka yi sayayyar. Cajin da takardun hukuma ke kira PCIA an ƙirƙiro shi ne domin wanda ya tafi ya ci gaba da biyan kasonsa na wannan giɓi, gwargwadon shekarar da ya fita, domin ba a ɗora masa kwangilar da aka ƙulla bayan tafiyarsa.

Ni dai ban ga abin zargi a asalin wannan ƙa'ida ba, musamman idan aka dubi su wane ne suka rage. Gundumomin bakin teku masu arziki su suka fara ficewa, waɗanda suka daɗe a hannun kamfanin kuwa da yawansu mutanen kwarin tsakiya ne, inda zafi ya fi tsanani, na'urar sanyaya ɗaki ta zama dole, samu kuma ya fi ƙaranci. Ba daidai ba ne manomin Fresno ya biya wa mai gida a Tiburon, garin attajirai na Marin, tsohon bashinsa. Inda gizo ke saƙar shi ne lissafin. Girman cajin ya dogara ne da ƙimar da aka yi wa tsohuwar wutar a kasuwar yau: in an kimanta ta da daraja giɓin ya ragu, in an rage mata daraja giɓin ya ƙaru. Shekaru da dama kwangilolin da ake lissafin a kansu suna rufe a matsayin sirrin kasuwanci, hukumomi irin MCE suna biyan abin da ba su da cikakkiyar damar tantancewa. A farkon 2016 cajin ya kusa ninkawa a yankin PG&E a tashi ɗaya. Hukumar da ta yi ƙoƙari ta sayo wuta da rahusa sai ta wayi gari rahusar ta narke a cikin cajin da ba ita ke yanke shi ba, dole ta rage nata farashin ko ta ci daga ajiyarta don kada jimillar takardar mutanenta ta zarce ta maƙwabtansu. Sun kuma yi ƙorafi, kuma ƙorafin yana da tushe, cewa kamfanin da ya tabbata za a biya shi kowace asara ba shi da abin da zai zaburar da shi ya rage ta, ko ta sake ciniki da masu tashoshi ko ta sayar da rarar da kyau.

A watan Oktoban 2018 CPUC ta yanke hukunci bayan doguwar shari'a, ta ɗauki tsarin da Kwamishina Carla Peterman ta gabatar. An sauya hanyar kimanta tsohuwar wuta ta koma kan farashin da aka yi ciniki da shi a zahiri, aka shigo da daidaita lissafi a ƙarshen kowace shekara, aka kuma tabbatar da cewa tsofaffin tashoshin da kamfani ya mallaka suna cikin abin da masu ficewa za su taya biya, ba tare da wa'adin shekara 10 da ake yi wa wasunsu a da ba. Kamfanonin sun fi samun abin da suke so, hukumomin garuruwa suka ce an ɗaure su da igiyar da ba ta da ƙarshe. Iyakar da aka sa wa hauhawar cajin a kowace shekara ma an cire ta a 2021. Tun daga nan cajin yana hawa yana sauka da kasuwa: shekarar da gas ya yi tsada farashin sari ya tashi, tsofaffin kwangilolin sai su zama ba su da tsada sosai, cajin ya faɗi, shekarar da kasuwa ta yi sanyi ya sake tashi. Mai karatu a Nijeriya zai iya tuna makamanciyar wannan jayayya a 2017, lokacin da aka ba manyan masu amfani da wuta damar saye kai tsaye daga tashoshi, kamfanonin rarraba wuta suka yi ca suna cewa za a kwashe musu abokan cinikin da suka fi biya, aka koma maganar kuɗin da mai fita zai bari a baya.

Duk da cajin, shirin ya bazu fiye da yadda masu kafa shi suka zata. Birnin Richmond, garin ma'aikata mai matatar man Chevron wanda ba ya kama da Marin ta fuskar arziki ko launin fata, ya fara karɓar wuta daga MCE a 2013, kuma shigarsa ta raunana zargin cewa abin na masu kuɗi ne kawai. Napa da wasu garuruwan Contra Costa da Solano suka biyo baya, har mitocin MCE suka haura rabin miliyan a gundumomi huɗu. Gundumar Sonoma ta fara nata a 2014, San Faransisko da San Mateo a 2016, sannan Alameda da San Jose da Los Anjelas da San Diyego. Yau akwai irin waɗannan hukumomi sama da 20 a jihar, suna saro wa mutum fiye da miliyan 14 wuta, kuma fiye da rabin wutar da ke bi ta wayoyin PG&E ba shi ne ya saye ta ba. Kamfanin SDG&E na San Diyego ya fito fili a 2018 ya ce shi ma ya fi son a sauke masa aikin sayen wuta gaba ɗaya ya tsaya ga dako.

Ba a rasa abin faɗi a kan MCE kanta ba. Kwangilarta ta farko da reshen kamfanin Shell ta ƙulla, abin da ya yi wa masu rajin muhalli ɗaci, ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan PG&E kuma ta riƙe shi makami. A shekarun farko wani kaso na abin da take kira wuta mai tsabta takardun shaida ne kawai da ake saye daban daga tashoshin iska na wasu jihohi, wutar da ke tafe a zahiri kuwa ta kasuwa ce, wanda ke nufin ba a gina sabon abu ba. PG&E kuma yana da gaskiya da yake cewa idan aka haɗa nukiliya da manyan madatsun ruwa, kaso mai yawa na tasa wutar ba ya fitar da hayaƙi. Dalilin wannan rauni a fili yake: mai gina tasha ba ya ba da kwangilar shekara 20 ga hukumar da aka haifa jiya, wadda abokan cinikinta ke iya ficewa a kowane lokaci. Sai da ta tara ajiya ta fara ƙulla dogayen kwangiloli, ta rage dogaro da waɗancan takardu, ta gina gonar sola mai megawat 10.5 a wani gurɓataccen fili na matatar Richmond da aka ba ta haya a kan dala 1 a shekara, da sharaɗin rabin ma'aikatan su zama 'yan yankin. A 2018 kamfanin Moody's, mai auna ƙarfin biyan bashi na hukumomi da kamfanoni, ya ba ta shaidar cancantar bashi, ita ce ta farko a irinta da ta samu. Doka ma ta matsa, domin daga 2021 wajibi ne kashi 65 na makamashi mai sabuntuwa da kowane mai saye zai lissafa ya fito daga kwangilolin shekara 10 ko fiye.

Damuwar da ta fi nauyi ita ce ta wadatar wuta. Lokacin da manyan kamfanonin jihar uku ke saye wa kusan kowa, hukuma ta san wanda za ta kama idan wuta ta gaza. Da masu saye suka zama gommai, kowa yana iya zaton wani ne zai tanadi tashar da za a tayar a ranar tsananin zafi. Shugaban CPUC na lokacin, Michael Picker, ya sha gargaɗin cewa jihar tana sake wargaza kasuwarta ba tare da shiri ba, kamar yadda aka yi kafin 2000. Da aka ɗauke wuta bi da bi a ranakun 14 da 15 ga Agustan 2020, binciken hukumomi ya ɗora laifin a kan zafin da ya game yammacin Amurka da gazawar tsare-tsare wajen tanadin wutar farkon dare bayan sola ta kwanta, bai ware hukumomin garuruwa da laifi ba, amma ya ƙara wa masu wannan damuwa ƙarfi. A 2021 aka umarci dukan masu saye su tanadi sabon megawat 11,500, kowa da kasonsa. A shekarar ce kuma Western Community Energy ta gundumar Riverside ta durƙushe, shekara ɗaya kacal da fara aiki, bayan bashin da mutane suka kasa biya a lokacin annobar korona da tsadar sari sun haɗu sun karya ta, aka mayar da mitoci sama da 100,000 hannun kamfanin Edison na kudancin jihar. Doka ta riga ta ayyana tsohon kamfani a matsayin madogarar ƙarshe, wato an rage masa ciniki amma ba a sauke masa nauyin karɓar duk wanda ya dawo ba, kuma wannan ƙorafi ne da kamfanonin ke da haƙƙin yi.

Abin da ya girgiza PG&E har ƙasa kuwa daga wayoyinsa ya fito, ɓangaren da shirin bai taɓa ba. A watan Nuwamban 2018 wani tsohon layinsa ya tayar da gobarar dajin da ta cinye garin Paradise ta kashe mutum 85, a watan Janairun 2019 ya sake neman kariyar kotu, daga baya ya amsa laifin kisa ba da niyya ba har 84, ya kuma amince da biyan dala biliyan 13.5 ga waɗanda gobarori suka shafa. A ƙarshen Oktoban 2019, da ya kashe layuka da gangan don gudun wata gobarar, kusan dukan Marin ta kwana a duhu kwanaki, mai Deep Green da wanda bai taɓa barin kamfanin ba duk ɗaya. Kuɗin sare itatuwa da sauya turaku da binne wayoyi, wanda kamfanin ya yi alkawarin yi na tsawon mil 10,000, duk a ɓangaren dako suke sauka, ɓangaren da ya fi girma a takardar kuma kowa ke biya. Shi ya sa kuɗin wuta a yankin ya zama cikin mafi tsada a Amurka duk da yaɗuwar hukumomin garuruwa, domin 'yar rahusar da suke iya samarwa a kan ƙaramin kaso take, babban kason kuma a gaban CPUC ake yanke shi, kuma a kansa ne kamfanin ke cin ribarsa.

Tashar nukiliya ta Diablo Canyon, mai ƙarfin sama da megawat 2,200, ita ce ta fi nuna yadda ficewar garuruwa ta sauya lissafin kamfanin. A watan Yunin 2016 PG&E ya sanar da cewa zai rufe ta idan lasisin injinanta biyu ya ƙare a 2024 da 2025, kuma cikin dalilan da ya bayar, tare da tsimin wuta da solar kan rufi da dokar makamashi mai sabuntuwa, har da cewa abokan cinikin da zai rage da su ba za su buƙaci dukan wutarta ba. CPUC ta amince a farkon 2018. Bayan ɗaukewar wutar 2020 gwamnati ta sake tunani, domin tashar tana samar da kusan kashi 9 cikin ɗari na wutar da jihar ke samarwa, kuma ba a kammala gina abin da zai maye gurbinta ba. A watan Satumbar 2022 Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a kan dokar da ta tsawaita aikinta zuwa 2029 da 2030, tare da rancen dala biliyan 1.4 ga kamfanin. Da yake ba don abokan cinikin PG&E kaɗai aka bar ta a kunne ba, dokar ta raba kuɗin tafiyar da ita a kan dukan masu mita da ke ƙarƙashin CPUC, har da na kudancin jihar, har da mutanen Marin da suka fara barin wutar kamfanin a 2010.